Malami ya ce mu rubuta tsokaci kan fim ɗin kisan ƙare dangin Tutsi, ta ina zan fara?

Ɗalibar Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Ina aji biyu a jami'a, nan Samaru. Ranar Talata malaminmu na darasin zaman lafiya da sasanta rikici ya nuna mana fim ɗin Hotel Rwanda, ya ce kowa ya kawo tsokaci shafi uku zuwa huɗu nan da mako biyu. Ya ja mana kunne kada wanda ya maimaita masa labarin fim ɗin, abin da muka fahimta yake nema. Sau biyu ina zama, abin da ke fitowa bai wuce "abin tausayi" da "Allah ya kiyaye mu" ba, layi biyar sai biro ya tsaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ta yaya mutum zai ɗauki adda ya sare maƙwabcinsa, alhali yarensu ɗaya, cocinsu ɗaya, har auratayya suna yi? Fim ɗin bai gamsar da ni ba a nan. Sannan duk abin da aka nuna, haka ya faru? Kuma da wani ɗan ajinmu ya ce "yaƙin ƙabilanci na Ruwanda", malam ya gyara masa ya ce "kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi". Mene ne bambancin? Don Allah masana a taimaka.

Malamin Tarihi:

Wa'alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta farko ita ce ƙashin bayan tsokacinki, ki riƙe ta da kyau. Fim ɗin ya kasa amsa ta ne domin daga Afrilun 1994 ya ɗauko labari, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Ruwanda ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, da kaɗan ta wuce rabinta, kuma mutane kusan miliyan 7 ne a cikinta a lokacin, yawancinsu manoma a kan tuddai. Hutu da Tutsi duk harshen Kinyarwanda suke yi, a tudu ɗaya suke zaune. Bambancin yana nan tun zamanin sarakunansu, yana da alaƙa da mallakar shanu da kusanci da fada, kuma gida na iya sauya matsayi a hankali. Jamus ta fara mulkin mallaka, Beljiyam ta karɓe ƙasar a lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Turawan suka zo da tatsuniyar cewa Tutsi wani jinsi ne daban da ya gangaro daga wajen Habasha, suka fifita su a makaranta da sarauta, sannan a shekarun 1930 suka fitar da katin shaida mai ɗauke da ƙabilar mutum. Daga nan ƙofa ta rufe: ɗa yana bin ubansa, abin da aka rubuta shi ke nan. Gwamnatocin bayan 'yanci ba su cire wannan layi daga katin ba, kuma shi ake dubawa a shingayen hanya a 1994.

A 1959 guguwa ta juya, aka fara ƙone gidajen Tutsi, sarautar ta faɗi, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Yuganda da Burundi da Kwango da Tanzaniya. An samu 'yanci a 1962, an sake kashe Tutsi a ƙarshen 1963, an kore su daga makarantu da ofisoshi a 1973, shekarar da Janar Juvénal Habyarimana ya yi juyin mulki. Ba a hukunta kowa ba. Wannan ki ja masa layi, domin mutanen 1994 sun tashi sun ga an kashe Tutsi an kwana lafiya, har wasu sun gaji gonakinsu.

Ranar 1 ga Oktoba 1990 'ya'yan waɗancan 'yan gudun hijira suka shigo da makamai daga Yuganda a ƙarƙashin ƙungiyar RPF. Ga yaƙi, ga farashin kofi ya faɗi tun 1989, ga ƙarancin gona. A Agustan 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki tsakanin gwamnati da RPF a Arusha ta ƙasar Tanzaniya, masu tsattsauran ra'ayi da ke kewaye da shugaban ƙasa suka ga abin da ke hannunsu zai suɓuce. A Oktoban wannan shekara sojojin Tutsi na Burundi suka kashe shugaban ƙasarsu, Melchior Ndadaye, wanda Hutu ne, aka samu abin tsorata talakan Hutu da shi. Ana cikin haka ana horar da matasan Interahamwe, 'yan daban jam'iyya mai mulki, ana rubuta sunaye. Da aka harbo jirgin Habyarimana daren 6 ga Afrilu 1994 ya mutu, kafin gari ya waye shingaye sun tashi a Kigali, kuma cikin waɗanda aka fara kashewa ranar 7 ga wata har da firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda ita kanta Hutu ce mai sassaucin ra'ayi.

To ga amsar maganar maƙwabci. Ƙasar tana da tsarin mulki da ya sauka tun daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa gunduma, zuwa unguwa, har zuwa mai kula da gida goma. Suna kuma da aikin gayya na dole da ake kira umuganda. Ta wannan hanyar umarni ya bi. Shugaban ƙaramar hukuma ya kira taro, mai unguwa ya tara maza, a fita da safe a dawo da yamma, kuma kisan kansa "aiki" suke ce masa. Wanda ya noƙe a ce ɗan leƙen asirin maƙiya ne. Wasu tsoro ya fitar da su, wasu kwaɗayin saniya da kwanon rufi da gona, wasu ƙiyayyar da aka daɗe ana ɗura musu. Misalin da ya fi ƙarfi shi ne jihar Butare. Gwamnanta Tutsi ne, kuma ya riƙe jihar kusan mako biyu ba a yi kisa mai yawa ba. Sai da aka tsige shi, shugaban riƙon ƙwarya Théodore Sindikubwabo ya je ya yi jawabi ranar 19 ga Afrilu, aka kawo sojoji da 'yan daba, sannan wuta ta kama. Da gaba ce ta gado da ta fashe da kanta, da ba a buƙaci tsige gwamna ba.

Game da gaskiyar fim ɗin: otal ɗin Mille Collines gaskiya ne, mutum sama da 1,200 sun tsira a ciki. Amma Kanar ɗin Majalisar Ɗinkin Duniya da kika gani ƙirƙira ce, kwamandan na ainihi Janar Roméo Dallaire ne ɗan Kanada. Tsirar mutanen ma ba aikin mutum ɗaya ba ne, akwai dakarun Majalisar a ƙofa, akwai idon duniya a kan otal ɗin, akwai lissafin musayar mutane tsakanin ɓangarorin biyu. Wasu da suka zauna a ciki sun zargi manajan, Paul Rusesabagina, da karɓar kuɗi, shi kuma ya musanta. Babban giɓin dai shi ne, yawancin waɗanda aka kashe ba su ga ko ƙofar otal ba. A coci-coci da makarantu da filayen wasa aka tara su, irin su Nyamata da Ntarama da Nyarubuye da makarantar Murambi.

Barista, Kongo Zariya:

Na gode wa Malam. Ƙanwata, bari in ɗauki tambayarki ta uku, domin malaminku yana da hujja ta shari'a.

A Hausa muna haɗa kisan kiyashi da kisan ƙare dangi kamar abu ɗaya ne. A doka sun bambanta. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 9 ga Disamba 1948 ta kafa sharaɗin niyya: a yi nufin shafe wata al'umma, duka ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta. Ayyukan biyar ne: kisa, yi wa mutane mummunan lahani a jiki ko a hankali, jefa su cikin halin rayuwa da zai hallaka su, hana su haihuwa, da ƙwace 'ya'yansu a mayar wa wata al'umma. Yawan gawa kaɗai ba ya tabbatar da laifin, sai an nuna niyyar.

A Ruwanda abu biyu ne suka gudana tare. Akwai yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da RPF. Akwai kuma farautar Tutsi farar hula, jarirai da tsofaffi, a garuruwan da ko ƙarar bindigar RPF ba a ji ba. In kika ce "yaƙin ƙabilanci" kin narkar da na biyu cikin na farko, kin mayar da jaririn da aka kashe a coci tamkar mayaƙi. Shi ya sa a 2006 sashen ɗaukaka ƙara na kotun Arusha, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa don shari'ar kisan Ruwanda, ya yanke cewa kisan ƙare dangin Tutsi sanannen abu ne da ba ya buƙatar a sake kawo hujja a kansa, kuma a 2018 Babban Zauren Majalisar ya sanya sunan Tutsi ƙarara a ranar tunawa ta 7 ga Afrilu. Wannan bai hana ki ambaci Hutun da aka kashe don sun ƙi shiga ko sun ɓoye maƙwabta ba, ya ma kamata ki ambace su. Haka kashe-kashen farar hula da aka zargi sojojin RPF da yi, ki faɗe su da sunansu a jimla ɗaya, amma kada ki faɗa cikin maganar "kowane ɓangare ya yi wa ɗaya kisan ƙare dangi", domin da ita masu musun abin da ya faru ke fakewa.

Alƙaluma kuwa, kada ki rubuta lamba ba tare da mai ita ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta saba cewa kimanin 800,000, gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan ɗaya, a cikin kwana kusan 100, daga 7 ga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli.

Kalmar tana da nauyi har manyan ƙasashe suka yi ta kauce mata a lokacin, gudun kada a ce wajibi ya hau kansu. Tun 11 ga Janairu 1994 Dallaire ya aika wa hedikwatar Majalisar saƙon gargaɗi kan ɓoyayyun makamai, aka hana shi kai samame. Bayan an kashe sojojin Beljiyam 10, ƙasar ta janye dakarunta, kuma a makarantar fasaha ta Kicukiro suka tafi suka bar mutum kusan 2,000 ranar 11 ga Afrilu, aka kashe mafi yawansu. Ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya rage rundunar Majalisar da ke Ruwanda, wadda ta kai kusan 2,500, zuwa 270. Nijeriya tana cikin Kwamitin a lokacin, kuma wakilinmu Farfesa Ibrahim Gambari, wanda ya taɓa koyarwa a nan ABU, yana cikin 'yan ƙalilan da suka matsa a ƙara dakaru maimakon a rage. Sojojin Gana sun zauna ba su tafi ba. Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Sanagal ya yi ta kwashe mutane a motarsa yana ratsa shingaye har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu. Fim ɗin ya nuna miki Turawa suna tafiya, ki sani akwai 'yan Afirka da suka tsaya.

Bayan nan kotun Arusha ta tuhumi mutum 93, ta sami sama da 60 da laifi. Hukuncin Jean-Paul Akayesu na 2 ga Satumba 1998 shi ne na farko da wata kotun duniya ta kama mutum da wannan laifi, kuma shi ya tabbatar da cewa fyaɗe na iya zama makamin ƙare dangi. Shugaban ƙaramar hukuma ne fa, ba janar ba, abin da ke ƙarfafa bayanin Malam. A cikin gida kotunan gargajiya na gacaca, fiye da 12,000, sun saurari shari'o'i kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012.

Ma'aikaciyar Rediyo, Tudun Wada:

Ƙanwata, ki sake kallon fim ɗin da kunne. Muryar da ke fita daga rediyon mota ita ce ta tashar RTLM, wadda ta fara aiki a 1993. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka tashar ihu da zagi ce tun ranar farko. Da waƙoƙin Kwango masu tashe ta ja matasa, da barkwanci, da hira irin ta majalisar mai shayi, a lokacin da rediyon gwamnati ke magana a ɗaure. Sai da kunne ya saba, aka amince da masu gabatarwa, sannan dafin ya yi ta ƙaruwa. Ana kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai. Ana ce wa Hutu in ba ku riga su ba za su riga ku. Da kisa ya fara, sai aka koma karanto sunaye da unguwanni da lambobin mota da wuraren da mutane suka ɓuya. Kafin rediyon akwai jaridar Kangura, wadda a Disambar 1990 ta buga wasu "dokoki goma" da ke kiran duk Hutun da ya auri Tutsi ko ya yi kasuwanci da shi maci amana. A 2003 kotun Arusha ta sami jagororin tashar da editan jaridar da laifi. Baki dai shi ke yanka wuya.

Sai dai kada ki ɗora wa rediyo kaya duka. Wani mai bincike, Scott Straus, ya yi hira da fursunoni fiye da 200 da suka amsa laifinsu, ya gano cewa matsin ido da ido, wato mai unguwa ko soja ko ɗan daba ya tsaya a ƙofar gidanka, da tsoron yaƙi, sun fi rediyo tasiri wajen fitar da mutum. Rediyo ya share fage ne, ya sa abin ya yi kama da umarnin hukuma. In za ki yi sakin layi a kan wannan, ki bi matakan: a raba "mu" da "su", a cire wa "su" rigar mutuntaka, a ce suna shirin hallaka mu, sannan a nuna gidansu.

Malamar Adabi:

Masana sun ba ki kaya, saura ɗinki. Shafi uku zuwa huɗu da tazarar layi biyu kalmomi 900 zuwa 1,200 ne, don haka ba za ki iya zuba duk abin da aka faɗa a sama ba, kuma kada ki gwada.

Ki sake kallon fim ɗin ke kaɗai, da takarda da kika raba gida uku: abin da na gani da mintin da ya faru, abin da na ji a raina, abin da tarihi ya ce. Daga nan ki zaɓi fage biyu kacal. Da ni ce ke, zan ɗauki wurin da akwati ya faɗi a ɗakin ajiyar ɗan kasuwa adduna suka zube, domin yana nuna shiri tun kafin jirgi ya faɗo. Ɗan kasuwar nan, Georges Rutaganda, mutum ne na gaske, jigo a Interahamwe, kuma an yanke masa ɗaurin rai da rai a 1999. Na biyu, wurin da motoci suka zo cikin ruwan sama suka kwashe Turawa aka bar sauran a tsaye. Fage ɗaya na masu shiryawa, ɗaya na masu juya baya.

Sakin layi na farko ki buɗe da tambayarki ta maƙwabci, yadda kika rubuta ta a nan, da bakinki. Labarin fim kada ya wuce jimla huɗu. Kowane fage ki ba shi kalmomi kamar 250: ki siffanta shi, ki faɗi abin da ya yi miki, ki auna shi da tarihi. Sai sakin layi ɗaya kan abin da fim ɗin ya bari, wato ƙauyuka da coci-coci da matan da aka yi wa fyaɗe, da dalilin da ya sa masu shirya fim ke son gwarzo ɗaya da ƙarshe mai sanyaya zuciya. "Ni" halal ce a tsokaci, ki ce "na zaci", "na gane", "har yanzu ban gane ba".

Inda ɗalibai ke zubar da maki: kwafo taƙaitawa daga intanet, ɗaukar maganar ɗan wasa a matsayin hujjar tarihi, rubuta "Hutu sun kashe Tutsi" kamar duk Hutu ne suka yi, da siffanta jini da sara har a manta da mutanen. Na ƙarshe shi ne kwatanta da Nijeriya. Za ki so yi, kuma ya dace, duk wanda ya tashi a jihar Kaduna ya san me ake nufi da a tare hanya a tambayi mutum sunansa. Amma ki kwatanta hanya, kada ki kwatanta ƙabila. Ki yi magana kan saƙon murya da ake turawa a WhatsApp ba a san mai shi ba, kan sunayen raini da ake laƙaba wa mutane, kan rikicin da ake kafa wa kwamiti ba a hukunta kowa ba. Ranar da kika rubuta cewa su wane ne Hutun nan, su wane ne Tutsin nan, kin aikata abin da kike suka.

Ɗalibar Samaru:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Yanzu na ga hanya. Tambaya ɗaya ta rage: wata ƙawata ta ce in sa cewa Musulmin Ruwanda ko ɗaya bai shiga kisan ba. In rubuta haka?

Malamin Tarihi:

A'a 'yata, kada ki rubuta "ko ɗaya". Abin da ya tabbata shi ne Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, shugabanninsu sun yi kira kada a shiga, kuma da yawa sun ɓoye Tutsi a gidajensu da masallatai, har mutane da dama suka musulunta bayan 1994. Amma Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura da ma'aikaciyar rediyo ta ambata, Musulmi ne. Haka a ɓangaren Kirista, akwai limamin coci Athanase Seromba da kotu ta kama da laifin sa a rushe cocin Nyange a kan mutanen da suka fake a ciki, akwai kuma limamai da 'yan zuhudu da aka kashe tare da waɗanda suka ƙi miƙawa. In za ki taɓo addini, ki kawo ɓangarorin biyu a sakin layi ɗaya. In wuri ya yi miki kaɗan, ki bar shi gaba ɗaya, ki ba maganar Butare wurin, ita ce ta fi kusa da tambayar da kika buɗe da ita.